Yadda Ake Tantance Tsofaffin Sulallan Azurfa na Jamus, 1500 zuwa 1806

A waɗannan shekaru babu wata ƙasa guda mai suna Jamus da ke buga kuɗi iri ɗaya. Daular Rum Mai Tsarki ce ke akwai, a ƙarƙashin Kaisar, kuma a cikinta akwai ɗaruruwan masarautu, da birane masu cin gashin kansu, da yankunan da manyan limaman coci ke mulka. Da yawansu suna da ikon buga nasu kuɗin. Shi ya sa sabon shiga kan rikice: sarakuna barkatai, tambura barkatai, rubutun kuma Latin ne da aka gutsuttsura. Amma akwai abin da ya ɗaure su duka, wato nauyi. Ana buga azurfa ne bisa ƙa'idojin awo ƴan kaɗan, kuma duk an gina su a kan ma'auni ɗaya, Mark na birnin Kolon, mai giram 233.86. Wanda ya fara da sikeli ya rage wa kansa rabin aiki tun bai karanta harafi ko ɗaya ba.

Kayan aiki

- Sikeli mai batir wanda ke nuna har 0.01 na giram, kuma yana ɗaukar giram 200. Sikelin kicin mai tsallen giram ɗaya-ɗaya ba zai yi ba. In babu, masu sayar da gwal a kasuwa suna da irinsa, sai ka roƙi arziki a auna maka.
- Ma'aunin faɗi mai baki biyu irin na bakanikai. Na roba ya fi, domin na ƙarfe yana kartar gefen sule. Rula mai milimita ma ta wadatar.
- Gilashin ƙara girma mai ninki 10, ko kyamarar waya in tana ɗaukar abu daga kusa.
- Fitila guda da za ka iya juyawa. Tocilan waya ya isa.
- Maganaɗisu mai ƙarfi, irin wanda ake cirowa daga tsohon hard disk, wato ma'ajiyar bayanai ta kwamfuta. Naɗe shi da salatif kafin ya taɓa azurfa.
- Ƙaramin kofin roba mara nauyi, zare siriri, da ruwa mai tsabta.
- Ƙyalle mai laushi na shimfiɗawa a tebur, littafin rubutu, da ƙananan ambulan na takarda.

1. Riƙe shi daidai, kuma kada ka wanke

Shimfiɗa ƙyallen, ka wanke hannu ka shanya, ka riƙe sulen ta gefensa da yatsa biyu. Gumin yatsa kan bar tabon da ba ya fita daga fuskar azurfa.

Baƙi-baƙin nan ko ruwan toka da ke jikin tsohon sule ba datti ba ne. Launi ne da shekaru suka ɗora masa, kuma masu saye suna biyan kuɗi a kansa. Toka, lemun tsami, tsamiya, man goge haƙori, duk abin da ake gyara munduwa da shi, yana cinye saman sule ya bar ƙananan kartuka da gilashi ke nunawa nan take. Sulen da aka goge ya faɗi ke nan, ba ya komawa. Abu biyu kawai ake yarda da su: jiƙawa a ruwan batir sabo, wato tataccen ruwan da ba a zuba masa asid ba, idan ƙasa ce ta manne, da tsomawa a asiton tsantsa, wato ruwan sinadari mai narkar da danƙo, idan wani kore mai danƙo ya fito saboda ajiya a leda. A duka biyun ba a cuɗawa, a bar shi ya bushe da kansa.

2. Auna nauyi da faɗi

Rubuta nauyin har lamba biyu bayan ɗigo. Faɗin kuma ka auna shi ta wuri biyu, domin tsofaffin ba su cika zama da'ira sosai ba. Sai ka gwada da waɗannan.

Babban sule mai faɗin milimita 40 zuwa 45 Taler ne. Manyan azurfa irin wannan sun fara ne a Hall da ke Tirol a 1486, Saksoni ta bi a 1500, sannan gidan Schlick suka buga nasu a Joachimsthal wajen 1520. A 1566 majalisar daula da ta zauna a Augsburg ta tsayar da Reichstaler: giram 29.23, azurfa kashi 889 cikin 1000. Wannan shi ne awon yawancin Taler na ƙarshen ƙarni na 16 da na 17. Rabinsa giram 14.6 ne, kwatansa 7.3. Idan babban sule ya tsaya wajen giram 24.6 kuma akwai lamba 60 a ƙirjin mikiya, Guldentaler ne na dokar 1559, ba Taler da ya zaizaye ba.

Daga 1753, bayan yarjejeniyar Ostiriya da Bavariya, sai Konventionstaler ya bazu: giram 28.06, azurfa 833. Prusiya ta ƙi bi. Tun 1750 ta kama nata tsarin, wanda Graumann, shugaban harkar buga kuɗi, ya tsara wa sarkinta Friedrich na II: giram 22.27, azurfa 750, kuma sulen ya fi sauran ƙanƙanta.

Mai lamba 2/3 shi ne ya fi ruɗa mutane, domin nauyinsa kala-kala ne. Na ƙa'idar Zinna ta 1667 yana wajen giram 19, kodayake gidajen buga kuɗi da dama sun riƙa rage shi. Na ƙa'idar Leipzig ta 1690 giram 17.3 ne. Na ma'adinan tsaunukan Harz, mai rubutun FEIN SILBER, giram 13 ne kacal, siriri, amma azurfar da ke cikinsa daidai take da ta mai 17.3, illa dai ba a gauraya ta da jan ƙarfe ba. Sabon shiga kan ɗauka an yanke shi ko jabu ne. Sai kuma 2/3 na Saksoni daga 1763, mai giram 14.03, wanda shi ne rabin Konventionstaler cif. Dalili kuwa, Taler na lissafi daban yake da Taler na hannu: babban sulen yana daidai da ɗaya da sulusi a lissafi, don haka rabinsa ya zama biyu bisa uku.

Taler da ya sha hannu zai iya rasa rabin giram, ba komai. In ya rasa fiye da giram ɗaya, nemi dalili: an datse gefensa, an huda an toshe, ko ba na gaske ba ne. Wanda ya zarce ƙa'ida da yawa shi ma abin tuhuma ne, sau da yawa ragowar walda ce a jikinsa. Ƙanana irin su Groschen, masu giram 2 ko ƙasa, ba a auna su ɗaya-ɗaya lokacin bugu, jimla ake aunawa, saboda haka nauyinsu yana hawa da sauka.

3. Nemi lambar ƙima

Duba ƙirjin mikiya, ko cikin ƙwallon nan mai gicciye a ka, ko ƙasan tambari. Lamba 24 a cikin ƙwallo tana nufin guda 24 ne ke yin Taler ɗaya, wato Groschen ne. Lamba 3 a ƙirjin mikiya ko cikin ɗan zobe Kreuzer 3 ne, wato ƙaramin kuɗin da ake lissafi da shi a kudu. Lura da bambancin: a kan ƙananan sulalla, a arewa lambar takan faɗi guda nawa ke cika Taler, a kudu tana faɗin Kreuzer nawa ne sulen. Taler ɗaya na lissafi shi ne Gute Groschen 24, ko Mariengroschen 36, ko Kreuzer 90. Don haka 24 MARIENGROSCHEN da 16 GUTE GROSCHEN da 2/3 duk abu ɗaya ne. A Hamburg da Lübeck da Schilling ake lissafi, lamba 32 a kan Taler ɗinsu na ƙarni na 16 Schilling 32 ke nan.

A sulallan bayan 1753 za ka ga X EINE FEINE MARK, ko XX, ko LX. Ma'anarsa guda kaza ne ke fita daga Mark ɗaya na zallar azurfa. Raba 233.86 da lambar: X ya ba ka giram 23.39, XX ya ba ka 11.69, LX kuma 3.9, wato sulen Kreuzer 20. Kuskuren da aka saba yi shi ne a ɗauki wannan a matsayin nauyin sulen gaba ɗaya, a ɗora a sikeli a ga 28, a ce lissafi bai fita ba. Azurfar ciki kawai lambar ke faɗa, ragowar jan ƙarfe ne.

Taler na ƙarni na 16 da 17 da yawa ba su da lambar ƙima ko kaɗan. Sikeli ne kawai zai faɗa maka.

4. Karanta rubutun da'ira

Kwantar da hasken fitila daga gefe, kada ka haska daga sama, haruffan da suka shuɗe za su taso da inuwarsu. Rubutu yakan fara daga sama ya bi hannun agogo. Nemi ƙaramin gicciye, fure ko ƙwallo, nan ne mafarinsa. Kwafe shi harafi-harafi a littafinka har da ɗigogin, inda ba ya karantuwa ka ja layi. Kada ka cike gurbi da zato. V tana tsayawa a madadin U, I kuma a madadin J, don haka IOHAN Johann ne, AVGVSTVS kuma August.

Tsarin kusan ɗaya ne kullum: suna, sai D G, sai sarautu daga babba zuwa ƙarama, kuma sau da yawa rubutun yana ƙarasawa ne a bayan sulen. DVX sarautar Herzog ce, COM, Graf, MARCH, Markgraf, LANDG, Landgraf (duk sunayen sarautun Jamus ne), EPISC ko EP, bishop, ARCHIEP, babban bishop, ELECT ko EL, ɗaya daga masu zaɓen Kaisar, S R I, sunan daular kanta. Sunayen ƙasa: SAX, Saksoni; BAV, Bavariya; BR ET LVN, Braunschweig da Lüneburg; BRAND, Brandenburg; BORVSS, Prusiya; MOG, Mainz; TREV, Trier; COL, Kolon. In ka ga MONETA NOVA tare da CIVIT ko REIPVB, kuɗin birni ne, sunan birnin na biye: NORIMB, Nürnberg, AVGVSTA VINDELICORVM, Augsburg, RATISBON, Regensburg.

Ga tarkon da ya fi kama sabon shiga. Birane da ƙananan masarautu kan sa mikiya mai kai biyu da sunan Kaisar a gefe ɗaya, da rubutu irin ROM IMP SEMP AVG. Wannan ba ya nufin Kaisar ne ya buga, mubaya'a ce kawai. Mai kuɗin yana ɗaya gefen. Sai dai sunan Kaisar yana da amfani wajen ƙiyasta shekara idan ta goge: Karl na V, 1519 zuwa 1556; Ferdinand na I, zuwa 1564; Maximilian na II, zuwa 1576; Rudolf na II, zuwa 1612; Matthias, zuwa 1619; Ferdinand na II, zuwa 1637; Ferdinand na III, zuwa 1657; Leopold na I, 1658 zuwa 1705; Joseph na I, zuwa 1711; Karl na VI, zuwa 1740; Franz na I, 1745 zuwa 1765; Joseph na II, zuwa 1790.

5. Duba tambari

Idan rubutu ya ƙi karantuwa, tambari zai kai ka gida. Takubba biyu a gicciye Saksoni ce ta masu zaɓe, haka ma garkuwa mai ratsi-ratsi da wani kambin ganye ya ratsa ta a karkace. Doki mai tsalle, ko ƙaton mutum mai gashi riƙe da bishiya, na gidan Braunschweig da Lüneburg ne. Ƙafar amalanke mai sanduna shida Mainz ce. Mabuɗi ɗaya Bremen, mabuɗai biyu a gicciye Regensburg. Ganuwa mai hasumiya uku Hamburg. Ƙahoni uku masu rassa a jere Württemberg. Mahayin doki da ke sukar dodo Mansfeld. Barewa a gaban ginshiƙi Stolberg. Kaza a kan tudu Henneberg. Maryam riƙe da jariri da rubutun PATRONA BAVARIAE Bavariya ce.

Manyan gidaje kan tara garkuwoyi goma ko fiye a tambari ɗaya, har da ƙasashen da suke da'awa kawai ba su mallaka ba. Kada ka tsaya ƙirga su. Ƙaramar garkuwar tsakiya ita ce mai magana. Zaki da mikiya kuwa kowa na da su, su kaɗai ba sa tabbatar da komai.

6. Shekara da alamar gidan bugu

Shekara kan rabu biyu, 16 a hagu da 24 a dama, a gefen kai ko garkuwa. A ƙarni na 16 sukan zubar da lambobi biyun farko, a rubuta 68 a madadin 1568, wani lokaci ma 6 a hagu 8 a dama. Lamba 2 kuma tana fitowa kamar Z, don haka 16Z3 shi ne 1623. Wasu na tunawa da biki ko rasuwa suna ɓoye shekarar a cikin jimla: za ka ga wasu haruffa sun fi sauran girma, M, D, C, L, X, V, I. Ɗauke su a matsayin lambobin Rumawa ka tara, jimlarsu ita ce shekarar.

Ƙananan haruffa biyu ko uku kusa da ƙasan tambari na shugaban gidan bugu ne. A Dresden, HB Hans Biener ne, wanda ya riƙe gidan daga 1556 zuwa 1604. CR kuma Constantin Rothe, 1640 zuwa 1678. Prusiya daga 1750 ta koma harafi ɗaya na gari: A Berlin, B Breslau, C Kleve, D Aurich, E Königsberg, F Magdeburg, G Stettin. A kan Taler na Bavariya kuwa A tana nufin Amberg, don haka sai ka san ƙasa kafin ka fassara harafi.

Misali: sule mai giram 28.9, faɗi 41, da yara maza uku a jere, rubutu CHRISTIAN IOHAN GEORG ET AVGVSTVS, a baya FRAT ET DVCES SAXON da HB. Nauyi ya ce Reichstaler, rubutu ya ce ƴan'uwa uku sarakunan Saksoni, HB ya ce Dresden. Wannan Taler ne na ƴan'uwa uku, wanda aka buga da wannan siffa daga 1592 zuwa 1601, lokacin da babbansu, Christian na II, bai kai shekarun mulki ba.

Shekarar da ke jikin sule ba kullum take faɗin gaskiya ba, kuma babban misali yana gidajenmu. Riyal mai hoton Mariya Tareza, sarauniyar Ostiriya, mai 1780 da S.F. a ƙarƙashin hoto, asalinta daga Günzburg ne, garin da yau yake Bavariya, kuma awonta na Konventionstaler ne. Ita ce ta ratso Sahara ta zama kuɗi a Borno, Sudan da ƙasar Hausa. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya zo Kano a 1851 ana canjinta wuri 2,500, kuma maƙeran fari sun narkar da ita ba adadi suna mundaye da zobba. Amma an ci gaba da buga ta da wannan 1780 ɗin a Vienna har yau, an kuma buga a Rum, London, Paris, Brussels da Bombay a ƙarni na 20. Wadda aka gada a akwatin kaka azurfa ce ta gaske, sai dai kusan kullum bugun baya ce, kuɗinta bai wuce na azurfarta da yawa ba. Duk da haka ita ce mafi kyawun abin koyon awo: giram 28.06, azurfa 833, da rubutun IUSTITIA ET CLEMENTIA a gefe.

7. Tabbatar ba jabu ba ne

Fara da maganaɗisu. In ya kama, magana ta ƙare. In bai kama ba, karkata sulen ka ɗora maganaɗisun ya gangaro: a kan azurfa yana saukowa a hankali kamar ana riƙe shi. Jan ƙarfe ma haka yake yi, don haka wannan gwaji yana kore wasu jabun ne kawai, ba ya wanke sule.

Gwajin ruwa shi ne mai ƙarfi. Zuba ruwa a kofi yadda zai rufe sulen, ɗora a sikeli, ka mayar da shi sifili. Ɗaure sulen da zare, ka sauke shi cikin ruwan a rataye, kada ya taɓa gindi ko bangon kofin. Lambar da ta fito ka rubuta. Raba nauyin sulen a bushe da wannan lamba. Idan nauyi 28.00 ne, ruwa ya nuna 2.74, sakamako 10.2 ke nan. Azurfa 889 tana ba da kusan 10.3, ta 833 tana ba da 10.2, ta 750 kusan 10.05. Jan ƙarfe 8.9 ne, farin ƙarfen da ake kwaikwayon azurfa da shi wajen 8.7, kuza 7.3, dalma 11.3. Abubuwan da ke ɓata gwajin: kumfar iska da ta manne a ƙasan sule, fanka na kaɗawa, hannu na rawa, zare mai kauri. Rataya zaren a jikin fensir da ka gitta a kan littattafai biyu, ka maimaita sau uku. Ga sule mai ƙasa da giram 5 kada ka dogara da shi, kuskuren 0.01 kaɗai zai karkatar da sakamakon. Bayan gwaji ka tsane ruwan jikin sulen da ƙyalle a hankali, kada ka goga.

Sai ido. Na gaske bugawa aka yi da ƙarfen hatimi, don haka gindin haruffa yana da kaifi ko da samansu ya shuɗe. Na zubi haruffansa kamar sun narke, filinsa na da ƙananan ramuka da ƙuraje, gefensa na da layin haɗi ko alamar an goge layin da magagari, kuma yakan ɗan gaza na asali a faɗi. Akwai wanda ake yi da ɓawo biyu a cika cikinsa da dalma, shi ma layin gefe ke tona shi. Jabun zamani da inji ke bugawa ya fi wuya: da'irarsa ta cika kyau, kaurinsa ɗaya ko'ina, baƙinsa kamar shafa shi aka yi. Taler na 1550 mai gefe da zara-zaran tsaga irin na kuɗin yau ƙarya ne, adon gefe da rubutun gefe sai ƙarshen ƙarni na 17 suka fara yaɗuwa. Ka kuma duba ƙananan tambura kamar COPY, 835, 999, ko wata shekarar zamani a cikin ɗan zobe. Waɗannan kwafi ne na tsaraba da aka yi a bayyane.

Kada ka yi gwajin asid, kada ka karce a dutse, kada ka jefa a siminti don jin ƙara. In kana son jin amo, ɗora shi a kan yatsa ka taɓa gefen da fensir. Amma sule na gaske mai tsaga a ciki ma ba ya amo.

Ka sani kuma, rashin kyawun azurfa ba ya nufin jabun zamani. Tsakanin 1619 da 1623, zamanin da ake kira Kipper und Wipper, sarakuna da kansu suka riƙa buga ƙananan kuɗi sirara masu rinjayen jan ƙarfe. A Yaƙin Shekara Bakwai, 1756 zuwa 1763, Prusiya ta mamaye Leipzig ta sa aka buga kuɗi masu ƙarancin azurfa da hatiman Saksoni da tsohuwar shekara. Su ake kira Ephraimiten. Ja-ja yana leƙowa a kumatun hoton. Kayan tarihi ne, kuma akwai masu tara su musamman.

8. Raba lahanin gidan bugu da lahanin hannu

Wasu abubuwan da ke kama da lalacewa tun daga gidan bugu suke. Layuka a jere kamar an ja mataji, musamman a Taler na Bavariya da Prusiya na ƙarni na 18, sawun magagari ne: an rage nauyin farantin kafin a buga. Ana gane su da cewa sun fi fitowa a wurare masu tudu, launin cikinsu ɗaya da na sauran jiki, bakinsu kuma a danne yake. Kartar baya tana da baki a tashe kuma cikinta na ƙyalli. Sule mai ɗan lanƙwasa kamar an naɗe shi, injin nadi ne ya buga shi. Haka yake, kada ka ce za ka miƙe shi. Hoto mai inuwa biyu bugun guduma ne da ya goce. Waɗannan suna ɗan rage farashi, amma ba aibi ba ne.

Lahanin hannu shi ne mai karya kuɗi. Jama'a sun daɗe suna rataya Taler a wuya, don haka wurin farko da za ka kai gilashi shi ne gefen sama, daidai ƙarfe 12. Nemi wurin da aka goge ya yi sumul, ko launi ya sauya saboda wuta, ko ɗigogin da'ira suka katse. Sai ƙarfe 3 da 9 a baya, inda ake liƙa allurar ado. Hujin da aka toshe yana nuna kansa da harafin da aka sake sassaƙawa da hannu, wanda bai yi kama da ƴan'uwansa ba. Fili mai santsi fiye da kima a gefen hoton da ya shuɗe, gyara aka yi masa.

Dillalan Jamus suna rubuta waɗannan a bayanin kaya, kuma dole ka san su kafin ka biya: Henkelspur, sawun marataya, gestopftes Loch, toshasshen huji, geglättet, an daddale fili, gereinigt, an wanke, justiert, sawun magagari, Schrötlingsfehler, aibin faranti. Matakan kyau kuma huɗu ne: s, ya shuɗe sosai amma ana gane shi, ss, ya sha hannu amma komai na karantuwa, vz, kaɗan ya taɓu, st, kamar yau aka buga. Ga mai farawa, ss mara gyara ya fi vz da aka goge.

9. Nemo lambarsa a kundi

Sai yanzu za ka buɗe kundi, da ƙasa, sarki, ƙima da shekara a hannunka. Na Taler, lambobin Davenport ake amfani da su, ana rubuta Dav. kafin lamba. Na ƙarni na 18 har da ƙanana, kundin Gerhard Schön. Lambar KM ta kundin Krause ce, wanda ya fara daga 1601. In littattafan ba su samu ba, shafin Numista da kundin intanet na ɗakin sulalla na gidan tarihin Berlin kyauta ne. Rubuta guntun rubutun da ka kwafe yadda yake, tare da nauyi. Gwada hoto da sulenka gefe da gefe: inda rubutu ya katse, yawan garkuwoyi, wurin shekara. Ɗan bambancin ɗigo ko harafi ba abin tsoro ba ne, da hannu ake sassaƙa kowane hatimi, kuma shekara ɗaya kan ci hatimai da yawa. Abin tsoro shi ne ka ga sule biyu masu karta iri ɗaya a wuri ɗaya. Wannan daga uwa ɗaya aka kwafo su.

10. Abin da za ka fara saya, da ajiya

Kada ka ce za ka tara Jamus duka, ba mai iyawa. Zaɓi gida ɗaya, ko ƙima ɗaya, ko zamani ɗaya. A ganina wuri uku sun fi dacewa da mai farawa, domin suna da yawa a kasuwa kuma an rubuta komai a kansu: Taler mai hoton Maryam na Maximilian na III Joseph na Bavariya, wanda ya yi mulki 1745 zuwa 1777, Taler da ƙananan kuɗin Friedrich na II na 1764 zuwa 1786, da Mariengroschen na Harz. Groschen masu lamba 24 suna da araha kuma suna koyar da karatun rubutu fiye da kowane. Kipper da manyan Taler masu hoton birni ka bar su sai idonka ya nuna.

Saya daga dillali ko gidan gwanjo da ke rubuta nauyi, yana nuna hoton gefe biyu, kuma ya yarda a mayar masa da kaya in ya zama jabu. Wanda ya ƙi faɗin nauyi, ka wuce. Taler na 1600 da ake tallarsa a farashin azurfarsa, araha ba ta ado. Ajiye rasit da tsohuwar takardar da ta zo da sulen, domin tun 2016 Jamus ta tsaurara doka kan fitar da kayan tarihi, kuma takardar asali tana ƙara masa daraja ranar sayarwa.

Kowane sule da ambulansa, kada biyu su haɗu suna gugar juna. A bayan ambulan rubuta ƙasa, sarki, ƙima, shekara, gidan bugu, nauyi, faɗi, lambar kundi, lahani, da inda ka saya. Leda mai laushi mai warin roba ita ke haifar da koren nan mai danƙo, kada ka yi amfani da ita. Robar ɗaure kuɗi, ulu da takardar jarida suna baƙanta azurfa. Zuba ambulan ɗin a akwati mai murfi tare da ƙullin ƙwayoyin tsotse laima da ake samu a kwalin takalmi, ka canza su a farkon damina da ƙarshenta. Hotunan gefe biyu da kwafin bayanan kuma ka ajiye su a wani wuri dabam da akwatin.